Idan wuri ya matse wa bakteriya, halinta yana sauyawa?

Mai Leb: Assalamu alaikum jama'a. Akwai batun da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna shi. Mu masu aikin ɗakin gwaji, kusan duk abin da muka sani game da bakteriya a fili muka koye shi: a shafa su a faranti, ko a zuba su a kwalbar romon da suke ci, su sake su wala, sannan mu sa magani mu ga ko sun mutu. Amma a jikin mutum da cikin ƙasar gona ba a fili suke zaune ba. Suna cikin tsaga da rami da 'yan hanyoyin da wani lokaci faɗinsu bai kai jikinsu ba.

Ga misali. E. coli da ke cikin hanjin kowannenmu, kaurinta bai cika maikiron 1 ba, tsawonta kamar maikiron 2. Maikiron shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, silin gashin kai yakan kai maikiron 50 zuwa 100. A 2009, a Jami'ar Fasaha ta Delft da ke Holan, su Cees Dekker sun sassaƙa 'yan ɗakuna a jikin silikon, suka haɗa su da hanyoyi masu faɗi iri-iri. Matuƙar hanya ta fi kaurin ƙwayar da kamar kashi 30 cikin 100, iyo take yi ta wuce abinta. Da hanya ta matse fiye da haka sai iyo ya gagara, amma tafiya ba ta tsaya ba. Ta bakin ƙofa takan cusa kai, ta girma, ta rabu biyu, 'ya'yan su ma su girma su rabu, na baya suna tura na gaba, har jerin ya ɓulla ɗaya gefen. Da haka suka ratsa hanya mai faɗin maikiron 0.4, kusan rabin kaurinsu. Waɗanda suka fito sun fito a baje, wasu manya-manya marasa fasali, amma da ransu, kuma a hankali zuriyarsu ta koma siffarta ta asali. Wata ƙwayar mai kaurin bango, Bacillus subtilis, ita ta kasa yin wannan.

Tambayata: sakamakon da muke rubutawa mu aika wa likita cewa magani kaza yana kashe ƙwayar nan, gaskiyar faranti ce ko gaskiyar jikin mara lafiya?

Injiniyan Ruwa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a kai ga likitoci, ni ka tayar mini da hankali ta wani gefen. Sana'ata tace ruwa ce. Matatar da ake cewa tana tsare bakteriya ƙofofinta maikiron 0.2 ne. Idan mai kauri kusan 1 tana ratsa 0.4, me zai hana ta ƙara matse jiki ta ratsa 0.2? Ke nan duk abin da muke gaya wa mutane a kan matata ya rushe?

Mai Leb: Bai rushe ba, Injiniya. Abu biyu ne. Na farko akwai iyaka, a gwajin nan wajen 0.4 ta tsaya. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, lokaci. Wannan ratsawar ba wucewa ba ce ta ƙiftawar ido, girma ne da rabuwa, sai an ɗauki awoyi masu yawa kuma sai da abinci. Ruwan da ke bi ta sabuwar matata cikin daƙiƙoƙi yake wucewa, ƙwayar ba ta da wannan damar. Inda matsala take shi ne matatar da ta tsufa, ta zauna a jiƙe, datti ya taru a jikinta ya zama abinci. A nan suna da lokaci, suna da ci, za su iya girma su ɓulla ta bayanta.

Sannan akwai waɗanda tun asali sirara ne. Leptospira da ake samu daga fitsarin ɓera kaurinta kamar maikiron 0.1 ne, Mycoplasma kuma ba ta da bango sam. Waɗannan suna iya bi ta 0.2. A da ma 0.45 ake amfani da shi wajen tace magungunan allura, sai a shekarun 1960 aka gano wata 'yar ƙarama tana wucewa, wadda yanzu ake kira Brevundimonas diminuta. Shi ya sa aka sauko 0.2, kuma har yau da ita ake gwada ingancin irin wannan matatar.

Injiniyan Ruwa: To wannan na yarda da shi, don idona ya gani. Na sha shiga wuraren da ake ɗura ruwan leda in tarar da matata ta yi baƙi, ta yi yauƙi, mai wurin yana cewa ai ruwa yana fita garau. Ruwan da ke fita ta irin wannan matatar yana iya fin wanda ya shiga ƙwayoyi. Duk mai na'urar tace ruwa a gida ko a shago, don Allah ya riƙa canja ta a kan lokacin da aka rubuta. Ta yumɓu kuma idan ta tsage, ko da tsagar ba ta fi zare ba, ta tashi daga aiki.

Hajiya Inna: Ɗana Injiniya, ni abin da ban gane ba, lokacin da ake yaƙi da kurkunu a ƙauyenmu ƙyalle kawai aka raba mana muke ɗaure bakin tulu muna tace ruwan tafki. Ƙofofin ƙyalle ai ido ma yana ganinsu. Ya aka yi ya yi aiki?

Injiniyan Ruwa: Hajiya, Allah ya ƙara muku lafiya. Ƙyallen nan ba tsutsar kurkunun yake tsarewa kai tsaye ba, wani ɗan ƙwaron ruwa yake tsarewa wanda ke ɗauke da ita a cikinsa, shi kuma babba ne, ƙyalle yana kama shi. Da wannan da sauran matakai aka kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu a 2013. A Bangaladash ma an yi irinsa a kan kwalara. Ƙwayar kwalara tana manne wa irin waɗannan ƙwarin da tarkacen ruwa, sai Rita Colwell da abokan aikinta suka koya wa matan ƙauyuka ninka tsohon zane sau huɗu su tace ruwa. Sakamakon da aka fitar a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kashi 48 cikin 100. Amma ku lura, Hajiya, ragi ne. Ƙwayar da ke yawo ita kaɗai ƙyalle ba ya kama ta, don haka lokacin annobar amai da gudawa tafasawa ko sinadarin kulorin ba su da madadi.

Maman Khalifa: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa damuwar, don tun da na karanta rubutun Malam na farko gabana yake faɗuwa. Yarona sikila ne. Ya yi ciwon ƙashi a ƙaurinsa, aka kwantar da mu, aka yi allurai, aka sallame mu da magani, muka sha har ya ƙare ba fashi. Ya warke sumul, har ya koma makaranta. Bayan wasu watanni wurin ya sake kumbura ya fashe yana fitar da mugunya. Da muka koma sai wata ma'aikaciya ta ce wai ni ce ban ba shi magani daidai ba. Wallahi na ba shi. Wannan abin da kuke faɗa yana da alaƙa da irin nasa?

Likitan Ƙashi: Maman Khalifa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Ki cire wa ranki wannan zargin. Ciwon ƙashi da ya daɗe yana dawowa ko da an sha magani yadda ya kamata, kuma duk likitan ƙashi ya san haka.

Dalilin da muka daɗe da sani shi ne mataccen ƙashi. Idan ƙwayoyi suka ci wani yanki, jini ya daina zuwa wurin, yankin ya mutu ya zauna a ciki. Magani ta jini yake tafiya, inda jini ba ya zuwa magani ba ya isa da ƙarfinsa. A masu sikila abin ya fi sauƙin faruwa domin dama jinin yana toshe ƙananan jijiyoyin ƙashi. Ƙwayoyin da suka fi yi musu wannan ɓarna su ne Salmonella da Staphylococcus aureus.

Abin da Malam ya kawo ya ƙara mana wani dalili. Ƙashi ba dunƙulallen dutse ba ne. A cikinsa akwai 'yan ramuka da ƙwayoyin halittar ƙashi ke zaune, kuma ramukan suna haɗe da juna ta wasu siraran hanyoyi da galibi faɗinsu bai kai rabin maikiron ba. Staphylococcus ƙwallo ce mai kaurin kusan maikiron 1, ba ta da jelar iyo, don haka an ɗauka ba ta da hanyar shiga. A 2017 masu bincike a Jami'ar Rochester da ke Amurka suka duba ƙashin ɓeraye masu wannan ciwo da madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa, suka gan ta a cikin hanyoyin nan, ta miƙe ta sirance, a jere ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka gan ta haka a ƙashin mutum. Farar ƙwayar jinin da ke cinye bakteriya ta kai maikiron 10, ba ta da ta inda za ta bi ta. Shi ya sa a irin wannan ciwon magani kaɗai ba ya wadatarwa, sai an shiga an kankare ƙashin da ya lalace, sannan a bi da magani na makonni.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri, Likita. Wallahi yau ne karon farko da wani ya yi mini bayanin da hankalina ya ɗauka.

Ɗalibar Bayoloji: Likita, da Malam Mai Leb, ina da tambaya. Malam ya ce Bacillus ta kasa ratsa matsatsiyar hanya saboda kaurin bangonta. To Staphylococcus ma ai rukuninsu ɗaya, masu kaurin bango ne. Me ya sa ita ta shiga?

Mai Leb: Madalla da wannan tambaya, ƙanwata. Mutanen Rochester sun bi ta. Sun ƙera wani siririn faifan silikon mai ƙofofin maikiron 0.5, suka zuba Staphylococcus a sama, suka ga tana ɓulla ƙasa. Ba matse tsohon jikinta take yi ba. Wajen rabuwa ne take gina sabon bangon 'yar ta cikin ƙofar, 'yar ta tashi da siffar ƙofar. Sun gano cewa idan aka cire mata wani sinadarin gina bango da ake kira PBP4, ba ta iya shiga, a faifan da kuma a ƙashin ɓera. Ni a ganina nan ne fatan yake, domin abin da aka san sunansa ana iya neman maganin da zai tare shi. Kuma ya nuna kaurin bango ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, yadda ƙwayar take gina bangon ma yana ciki.

Ɗalibar Bayoloji: Na gode Malam. Ni abin da ya fi ba ni mamaki a wannan fannin shi ne batun ƙidayar juna. An koya mana cewa bakteriya suna fitar da wani sinadari, idan suka yi yawa sinadarin ya taru, sai duk su san sun kai adadi, su fara aiki tare: fitar da dafi, yin yauƙi, ko haske kamar Vibrio fischeri ta cikin teku da Hastings da Nealson suka yi nazari a 1970. Amma a 2009 a Jami'ar Chicago, su Rustem Ismagilov sun kulle ƙwayar Pseudomonas aeruginosa ɗaya zuwa uku a cikin ɗan mitsitsin ɗigo, sai wasunsu suka kunna wannan tsarin. A 2010 kuma su Jeffrey Brinker a jihar New Mexico ta Amurka suka kulle Staphylococcus guda ɗaya tak a ɗan kejin gilashi, ita ma ta kunna, ta fara aikin dafi. Wato ita kaɗai ce amma ta ɗauka tana cikin taro.

Malamin Fizis: Ƙanwata, labarin daidai ne, amma ban yarda da "ta ɗauka" da "su san" ba. Wannan yaren ne yake sa ɗalibai su zaci ƙwayar tana tunani. Ki ɗauki turaren wuta. Kasko ɗaya a tsakar gida, iska ta kwashe hayaƙin, ba wanda zai ji sai an kunna da yawa. Kaskon nan ɗaya a ƙaramin ɗaki a rufe, cikin ɗan lokaci ya turnuƙe. Ƙwayar ba kawuna take ƙirgawa ba, yawan sinadarin da ke kewaye da ita take ji, kuma wannan yawan yana iya zuwa daga taro ko daga rufaffen wuri. Rosemary Redfield ta Jami'ar British Columbia a Kanada ta kawo wannan hujjar tun 2002. Ta ce mai yiwuwa amfanin tsarin na asali shi ne ƙwayar ta auna ko abin da ta fitar zai zauna kusa da ita ko zai watse, kafin ta ɓata ƙarfinta wajen fitar da abu mai tsada.

Ɗalibar Bayoloji: Malam, na karɓi gyaran yare. Amma ban yarda a ce batun taro ya faɗi ba. Akwai ayyukan da ƙwaya ɗaya ba ta amfana da su sai da 'yan uwa, kamar hasken nan. Hasken ƙwaya guda ba ya haska komai. Kuma Bonnie Bassler ta Princeton ta nuna akwai sinadarin da jinsuna daban-daban suke fitarwa kuma suke ji. Idan auna ɗaki kawai ake yi, me ya kawo jin na maƙwabci?

Malamin Fizis: Ban ce ya faɗi ba. Na ce na'urar guda ce, kuma ba ta iya bambance taro da matsatsi. Ta yi aikin taro a inda taro ke da amfani, ta yi aikin auna wuri a inda take ita kaɗai. Abin da ya shafi mara lafiya shi ne na biyun. Idan ana jiran sai ƙwayoyi sun kai miliyoyi kafin su fara dafi, to an yi kuskuren lissafi, domin guda ɗaya da ta samu kanta a cikin 'yar jakar da ƙwayar halittar jiki ta haɗiye ta, ta riga ta samu rufaffen ɗaki.

Amma ina da ja da Malam Mai Leb shi ma. Kada mu ce matsatsi kullum yana sauya hali. A 2010 Suckjoon Jun da abokan aikinsa a Harvard sun ƙera wata na'ura: siririyar hanya mai faɗin ƙwaya ɗaya, rufe a ƙarshe, buɗe a baki inda abinci ke gudana. Uwa tana can ƙurya, duk rabuwa 'ya'ya suna turuwa waje ruwa ya tafi da su. Sun bi uwayen nan har wajen zuriya 200, suna rabuwa kusan duk minti 20, saurin girmansu bai ragu ba. Abin da ya ƙaru da tsufa shi ne yiwuwar mutuwa. Ga matsatsi iya matsatsi, amma ƙwayar tana rayuwarta kamar a fili. Bambancin shi ne abinci yana shiga, abin da ta fitar yana fita. Don haka faɗin wuri rabin labari ne. Sauran rabin shi ne me ke iya shiga, me ke iya fita.

Mai Leb: Wannan gyara ne mai kyau, kuma gwajin Jami'ar Texas da ke Austin ya goyi bayanka. A 2010 su Jason Shear da Marvin Whiteley sun gina 'yan tarkuna da hasken leza, bangonsu yana barin ruwa da magani su shiga amma ƙwaya ba ta fita. Sun ga ƙarfin gudun ruwan da ke wucewa yana shafar kunna ƙidayar juna. Amma ga abin da ya dawo da ni kan tambayata: Pseudomonas kamar 150 kacal da suka cunkushe a tarko sun jure wa jentamaisin, maganin da ke kashe 'yan uwansu da ke sake a romo. Jinsi ɗaya, magani ɗaya. Da ni aka kawo wa su a faranti, da na rubuta cewa maganin yana aiki.

Likitan Ƙashi: A nan zan taka maka birki, Malam, domin akwai marasa lafiya da iyaye a zauren nan. Kada wani ya tashi da fahimtar cewa gwajin faranti banza ne. A yawancin cututtukan da muke gani, na jini, na huhu, na fitsari, sakamakonku shi ke raba mu da harbi a duhu, kuma yana ceton rai kullum. Babbar matsalarmu a nan ma ita ce ba a yin gwajin, mutum ya je kemis ya sayi kafso ya sha kwana biyu ya ajiye.

Kuma a bambance abu biyu. Na Texas juriya ce ta yanayi: ka fito da ƙwayar daga cunkoso, zuriyarta ta koma jin magani. Akwai kuma juriya ta gado, wadda ƙwayar ta sauya a asalin halittarta ta gadar wa 'ya'yanta. Ita ma wuri yana da hannu a cikinta. A 2011 su Robert Austin a Princeton sun zuba E. coli a wani faifai mai 'yan ɗakuna sama da 1,000 haɗe da juna, gefe ɗaya maganin siprofuloksasin mai yawa, ɗaya gefen babu. Cikin awa 10 masu juriya suka ɓullo, ko da an fara da ƙwayoyi 100 kacal. Dalili shi ne akwai ɗakunan da magani ya isa da rauni, bai kashe ba, ya dai tace masu ɗan ƙarfi, su kuma suka matsa gaba inda ba mai yi musu gasa. Jikin mutum cike yake da irin waɗannan lungunan. Wanda ya sha rabin magani ya ƙara yawansu da hannunsa.

Nas Mai Dare: Likita, ku bar ni in sa baki da abin da muke fama da shi a ɗakin kwanciya: robar fitsari. Kullum ana ce mana kada a ɗaga jakar sama da mara lafiya, kada a bar robar ta daɗe ba dalili. Na fahimci na jaka. Amma fitsari ai waje yake gudu, ta yaya ƙwaya ke hawa ta shiga mafitsara?

Malamin Fizis: Anti Nas, wannan fannina ne. A cikin bututu, ruwan tsakiya ne ke gudu, wanda ke manne da bango kusan a tsaye yake. E. coli kuma idan ta kusanci bango ba ta son barinsa. Jelarta tana juyawa gefe guda, jikinta yana juyawa ɗaya gefen, sai gogayya da bango ta sa ta karkata. Su George Whitesides a Harvard sun nuna a 2005 cewa a siririyar hanya hannun dama take bi. Gudun ruwan kuma yana juya ta ta fuskanci inda yake fitowa, sai ta yi ta iyo tana hawa a jikin bango, tana cin kamar maikiron 20 a daƙiƙa. Wasu kuma ta bayan robar suke bi, tsakaninta da fata. A 2024 masu bincike a jami'ar Caltech da ke Amurka sun fitar da samfurin roba mai 'yan ƙayoyi masu kusurwa uku a ciki, waɗanda ke juyo da ƙwayar tsakiya ruwa ya tafi da ita, kuma a gwajinsu hawan ya ragu kusan ninki 100. Kafin irinta ta iso gare ku, cire robar da zarar buƙatarta ta ƙare shi ne babban abin da ke hannunku.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga kowa. Mu nan da zafi ya kama, sanƙarau muke tsoro. Na ga yaron da jikinsa ya yi tabo baƙi-baƙi kafin a kai shi likita. Shi ma wannan matsatsin ne?

Likitan Ƙashi: Yana ciki, ɗan uwa. Ƙwayar sanƙarau, Neisseria meningitidis, idan ta shiga jini tana manne wa bangon ƙananan jijiyoyi, waɗanda faɗinsu maikiron 5 zuwa 10 ne. A 2018 su Guillaume Duménil a Cibiyar Pasteur ta Faransa sun nuna cewa dunƙulen ƙwayoyin ba sandararre ba ne. Suna jan juna suna saki da wasu siraran zaruruwa, sai dunƙulen ya zama ruwa mai kauri da ke bin siffar jijiya yana cika ta. Jijiya ta toshe, bangonta ya lalace, jini ya tsiyaya ƙarƙashin fata. Tabon da ka gani ke nan. Zazzaɓi da irin wannan tabon ba a kwana da shi a gida, awoyi ake ƙirgawa. Mu da muka ga 1996, shekarar da sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, ba ma wasa da rigakafinsa.

Malamin Gona: Tun ɗazu cuta kawai ake ambata, bari in kare waɗanda nake ci da su. Ku tuge wake ko gyaɗa ku duba saiwar, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle. Ku fasa ɗaya, idan cikinsa ja-ja ne to yana aiki. Bakteriya ce a ciki, Bradyrhizobium, tana ɗauko sinadarin naitirojin daga iska tana ba shuka, wanda shi muke saye a buhun yuriya. A wake ta cikin gashin saiwa take shiga: shukar ce ke gina mata siririn bututu, ita kuma tana girma tana rabuwa a ciki har ta kai ciki, kusan yadda Malam ya kwatanta na Delft. A gyaɗa ta tsagar da ƙaramar saiwa ta fito take kutsawa. Da ta shiga, shukar ta killace ta, ta rage mata iskar oksijin da jan sinadarin da ke cikin ƙullen, domin aikin kama naitirojin ba ya yiwuwa cikin iska mai yawa. A gyaɗa har siffarta takan sauya ta kumbura ta zama ƙwallo, alhali irinta ɗaya a wake tana nan a sandarta. A faranti galibinsu ba sa yin wannan aikin yadda suke yi a saiwa. Shi ya sa gonar da aka yi wake bana take yi wa gero kyau baɗi.

Mai Leb: Na gode Malamin Gona. Likita, na karɓi birkin, ban kuma ce a bar faranti ba. Abin da nake nema ƙarami ne. Takardun da ke zuwa mana galibi "mugunya" kawai ake rubutawa. Ba a faɗa mana daga ina ba, ko akwai ƙarfe a ƙashin, ko robar ta yi kwana nawa, ko an riga an sha wane magani. Da mun sani, da mun san samfurin da za mu bari ya daɗe a na'urar ɗumi, da wanda za mu rubuta wa gargaɗi a ƙasan sakamako.

Likitan Ƙashi: Wannan haƙƙinku ne, kuma zan isar wa abokan aiki. Ni ma ina da nawa roƙon ga masu ɗaukar samfuri: a ciwon ƙashi, goga auduga a bakin ramin da ke fitar da mugunya ba ya wadatarwa. Abin da ke bakin rami sau da yawa ƙwayoyin fata ne da suka zauna a wurin, ba lallai su ne na cikin ƙashin ba. Samfurin da ake dogaro da shi shi ne wanda aka ɗauko daga ƙashin kansa lokacin aiki.

Maman Khalifa, idan kun koma, ki nemi a haɗa ku da likitan ƙashi tare da likitan da ke duba sikilarsa. Ki tambaya ko hoto ya nuna mataccen ƙashi, ko za a yi aikin kankarewa, da kuma ko za a aika naman ƙashin ɗakin gwaji kafin a zaɓi magani. Ki tafi da duk takardun magungunan da ya sha a baya. Kafin ranar, kada a fara masa wani sabon maganin ƙwayoyin cuta daga kemis, domin yana iya hana gwajin nuna komai. Idan kuma zazzaɓi ya taso ko ciwon ya tsananta, kada ki jira ranar da aka ba ku, ku tafi a ranar.

Maman Khalifa: In sha Allahu haka za a yi, Likita. Na rubuta tambayoyin uku a takarda. Hoton da aka yi masa wancan karon yana wurina, shi ma zan haɗa da shi.